Zanen Gwaggo a Waya

Shekarar da aka rufe iyaka, dilar gwanjo ta yi wuya a Maradi, wadda ta samu shigowa kuma tsumma ce zalla. Ni ko da gwanjon nake ciyar da ƴaƴana biyu. Ba ni da shago a kasuwa. Ɗakina na unguwar Zariya shi ne butik ɗina. In wanke kaya, in goge, in ɗauki hoto in tura wa mata a waya, wadda ta gani tana so in aika mata ta tasha.

Ana cikin haka wata mai sayen kayana daga Yamai ta tambaye ni ko ina samun tsofaffin zannuwa irin na iyayenmu. Na yi dariya har da riƙe ciki. Wai ƴan boko yanzu kayan kakanni suke nema! Amma dariyar ba ta hana ni tuna Gwaggo ba, yayar babana da ke Tibiri, wadda ta riƙe ni tun rasuwar innata.

Na hau kabu-kabu na je. Ta buɗe adakarta, ƙamshin kajiji ya cika ɗakin, ta zaro zannuwa uku. Ɗaya saƙi ne baƙi mai ratsin ja, nauyinsa kamar bargo.

"Ɗauki ki gwada sa'arki," in ji ta. "Amma kada kowa ya ji daga ɗakina suka fito."

Na san dalili. A wajenmu tsohuwa ba ta sayar da zanenta sai yunwa ta shigo gida, kuma duk wanda ya ji, ɗanta zai zaga.

To ni da rawar kaina! Na ga rana ta yi kyau a tsakar gidan, Gwaggo ta shiga salla, sai na baza zannuwan a igiyar shanyarta na ɗauki hoto na tura wa mata a waya. Wallahi zanen kaɗai idona ya gani. Ban ga shuɗiyar ƙofarta a baya ba, ban ga tunkiyarta mai guntun kunne ba, wadda duk Tibiri an san ta saboda ɓarna.

Kashegari kafin azahar ɗanta, yayana da ke noman zogale a Jiratawa, ya kira ni.

"Ke, ashe uwata yunwa take ji ban sani ba? Har a lambu ana nuna mani hoton!"

Nan take na goge hoton, amma ina! Ya riga ya zaga gari. Na maida zannuwa biyu, saƙin kuwa ya riga ya bi mota zuwa Yamai. Gwaggo ta karɓa ba ta dube ni ba.

"Na riƙe ki, kin tallata ni," ta ce, ta shige ɗaki.

Sati uku ba ta ɗauki wayata ba. Na yi kuka sosai. Ba sana'ar ce ta dame ni ba, ita ce uwar da ta rage mani a duniya.

Sai ga saƙon murya daga matar Yamai. Ta ɗaura zanen ranar sunan ɗiyarta, kakarta ta gani ta fashe da kuka, wai irinsa uwarta ke ɗaurawa. Matar na tambaya ko tsamiya ce, wato saƙar zaren siliki, kuma wa ya saƙa. Ni ina na sani?

Na koma Tibiri. Na iske Gwaggo kan tabarma tana tsince shinkafa, tukunyar wake na kan murhu. Na gaishe ta, ta amsa ciki-ciki. Na ce, "Gwaggo, ku yi haƙuri ku saurari wannan," na ajiye wayar kusa da faifanta. Ta yi kamar ba ta ji. Sai da aka zo wurin tambayar ta ɗago kai.

"Tsamiya? Wace irin tsamiya! Saƙi ne, ni na kaɗa zarensa da hannuna. Ba ni abin nan."

Na danna mata wurin ɗaukar murya, ta fara magana. Ta faɗi gonar da aka ciro audugar, da marinar da aka tura zaren, da masaƙin da ya ja mata rai har damina ta wuce. Ban taɓa jin ko ɗaya daga ciki ba, ni da na girma a ɗakin.

Daga wannan rana ta kafa mani doka: kada in ƙara sa zane a waya sai ta gani ta faɗi sunansa. Yanzu kowane hoto da muryarta yake tafiya, masu saye har gaishe ta suke yi. Tsofaffin Tibiri ma sun fara kawo nasu a ƙarƙashin hijabi, ni ko ban sake ɗaukar hoto ba sai a jikin farin bangon ɗakina.

Amma ranar ban san duk wannan zai zo ba. Ta miƙo mani wayar, na ɗauki jakata na miƙe a sanyaye, don har lokacin ba ta ce ta yafe ba. Na kai bakin zaure sai na ji muryarta.

"Ke, ina za ki? Dawo ki zauna, ɗiyar banza, wake ya kusa nuna."