Gefen da Kawu Yake Zama

Ku gafarce ni da ɗaukar lokacinku.

Zamanin tsuke bakin aljihu na gaji motar Kawu mai rufin tamfol. Na canza mata shokazoba na baya da hannuna a Bodinga, ina bin ɗan littafin gyara layi-layi. Da na sauke jak na auna, sai na ga bayan hagu, inda marigayin yake zama, ya fi na dama sauka da inci biyu. Na kwance, na sake ɗaurawa. Inci biyu dai.

Bakanike Ɗanjuma ya leƙa kujerar da babu kowa, ya ja da baya.

"Mi kaka aunawa, Malam? Wanga ba aikin ƙarhe na ba. Kai shi gida."

Na kama hanyar Shagari, garin Kawu, da azahar. Daidai maƙabartar da aka binne shi, motar ta ɗan ɗaga, kamar wani ya sauka. Na fito na auna, babu bambanci. Tun ranar ban ƙara ɗaukar kowa a baya ba.

Jiya wani mai iyali ya taya motar, yana so ya saya. Ina roƙon amsa a rubuce:

1. Akwai bayanin haka a ilimin gyaran mota?
2. Wajibi ne in gaya masa?