Yaya Ƙara-Masa da Ɗan Kofinta

Da hantsin ranar Laraba, goma sha biyu ga watan Fabrairu, ina gaban allo ina rubutu, waya ta yi ƙara a aljihuna. 'Yarki ce, Yaya. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ta ce, "Kawu, Mama ta cika." Na ajiye alli, na zauna a bakin teburin ɗalibai, na ce daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Jinyar kwanaki kaɗan kika yi, ciwon zuciya ne. An yi miki sutura bayan azahar, kuma tun da nake ban taɓa ganin ma'aikatan masaƙa sun kashe injuna sun fito da rigunan aiki a jikinsu don raka mai sayar musu da abinci ba, sai a ranar.

Saboda wanda bai san ki ba, Yaya, bari in faɗa. Ke ce babbar yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ke ce mai rumfar abincin da ke bakin ƙofar masaƙa, mai dogayen bencina da manyan tukwanen da sai mutum biyu ke sauke su. Mutane da yawa ba su san sunanki na yanka ba. Ƙara-Masa suke kiran ki, don ba a taɓa zuba wa mutum abinci a gabanki kin ga ya isa ba. 'Yarki za ta cika faranti, ki leƙo daga bayan tukunya, ki dubi mai saye sama da ƙasa, ki ce, "Dubi wuyansa kamar mariƙin ludayi. Ƙara masa." Ko ya biya ko bai biya ba, wannan ba ya cikin abin da kike dubawa.

Ni na san inda halin ya samo asali. Iyayenmu sun rasu a shekara guda, ke kina budurwa, ni ko ɗaura igiyar takalmi ban iya ba. Mun sha yunwa, ba ta wasa ba. Ina tuna yadda kike raba burodi gida biyu, ki ce rabi nawa rabi naki, sai an jima ki miƙo min rabin naki ki ce ya ishe ki. Da Allah ya buɗa miki, sai kika ɗauki ramar jiki a matsayin abokiyar gaba, kika kuma fara yaƙin daga kaina. Kin yi nasara fiye da yadda kika nema.

Na kai shekara arba'in ina da nauyin mutum biyu. Ga ciwon suga, ga hawan jini, ga gwiwoyi da suka fara yi min tawaye. Ajina yana saman bene, kuma duk makarantar ta san dalilin da ya sa nake tsayawa a tsakiyar matakala ina karanta allon sanarwa kullum, alhali tsohuwar sanarwa ce da rana ta riga ta cinye rubutunta. Likita ya gaya min gaskiya ba tare da kwana-kwana ba: in ban rage wannan jikin ba, da wuya in ga 'yata ta shiga makaranta, ita da a lokacin take goye. Na gwada rage ci, na gwada tafiya, duk a banza. Daga ƙarshe aka yanke shawarar tiyatar rage ƙiba, wadda ake yanke mafi yawan tumbin mutum a bar masa ɗan kaɗan.

Ba ki so ba ko kaɗan. Kin ce, "Auta, mutum yana tafiya da ƙafarsa ya kai kansa a yanke masa ciki? Cikin da na sha wahala na gina?" Amma ranar tiyatar kin riga kowa isa asibitin.

Ba zan ambaci sunan asibitin nan ba, ba don sun cancanci sutura ba, sai don wannan rubutu naki ne, ba nasu ba. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Likitan da ya yi aikin ban sake sa shi a ido ba. Ƙararrawar kiran nas da ke jikin gadona ado ce kawai. Ƙarin ruwa ya ƙare, jini ya fara hawa cikin robar, sai da kika bi dogon barandar nan ɗaki ɗaki kafin kika samo wadda za ta cire. Washegarin tiyata mai rabon abinci ta turo kekenta ta dire min shinkafa da nama kamar kowa, don babu wanda ya gaya mata cewa wannan gadon ko ruwa sai da dabara. Tashin zuciya ne ya cece ni, ba kulawarsu ba. Da za su sallame ni, leda guda ta magani suka miƙo, da jumla ɗaya: "Ka riƙa cin abu mai sauƙi."

To, abu mai sauƙi a wurinki, Yaya, shi ne shinkafa mai laushi da kazar da ta dahu har ta rabu da ƙashi, faranti a cike. Da niyyar alheri kika dafa, ni kuma ban taɓa koyon ce miki a'a ba. Loma kaɗan na yi, na ji kamar an ɗaure min ƙirji da waya. Na yi amai har na zube a ƙofar banɗaki, matata tana kuka da jaririya a hannu.

Kwana biyu bayan haka kina gyara min matashi kika tsaya cak, kika ce ciwon tiyatar nan warinsa ya canza. Muka kira asibitin, suka ce in zo ranar da aka rubuta min. Kika tsayar da mota, kika kai ni wani ƙaramin asibiti a bayan layinmu, wurin wata dattijuwar likita. Ta buɗe bandejin, ta matse mugunya, ta wanke, ta ce da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Sannan ta zaunar da mu ta yi mana bayanin da ya kamata a yi mana tun farko: ruwa-ruwa zalla tukuna, kurɓi kurɓi, daga baya abin da aka dama ya yi laushi, kada a haɗa ci da sha, kuma dole a riƙa takawa.

Kin saurara har ta gama, sannan kika ce, "Likita, ni ba na gane magana sai na gani. Tumbin nasa yanzu, nuna min girmansa."

Ta waiga kan teburinta, ta ɗauko wani ɗan kofin gahawa da take tara alluran maƙale takarda a ciki, ta zazzage su, ta ce, "Kamar wannan, Hajiya. In ya wuce haka, cutar da shi kika yi."

Kika juya kofin a tafin hannunki, kika ce ta sayar miki. Ta yi dariya ta ce ki tafi da shi. A mota, da muka kusa gida, kika ce, "Ashe ni na kusa kashe ka." Na buɗe baki zan musa, kika ce, "Yi min shiru. Na raine ka da ludayi, yanzu zan sake rainon ka da wannan."

Haka kuwa aka yi. Kika bar wa 'yarki rumfa, kika tare a falonmu da tabarmarki da jakar kayanki. Romo kike dafawa ki tace da farin ƙyalle har ya zama kamar shayi, ki zuba a kofin nan, ki zauna kina kallo ina kurɓa. Daga baya aka shiga ƙwai da kifi da wake da aka murje. Kullum da safe ki tashe ni tafiya: daga gado zuwa ƙofa, da na ƙware sai zuwa bakin titi, daga nan har rumfar mai faci da ke kwanar layi, wanda ya saba ajiye min tsohuwar taya in zauna in huta.

Ban kasance majinyaci mai daɗin sha'ani ba, kuma ba na jin kunyar faɗa, don duk wanda aka raba da abinci, abokinsa na shekara arba'in, dole ya yi fushi. Gashina ya riƙa zuba, fata ta saki, ƙamshin suyar maƙwabta yana shigowa ta taga yana sa ni hawaye. Akwai yammacin da na ce na yi nadamar aikin nan, gara a bar ni in mutu a ƙoshe. Na miƙo miki kofin na ce, "Yaya, cokali ɗaya kawai. Ƙara min." Kika juya fuskarki wajen bango, kika ce, "Ya isa." Ban taɓa jin kalmar nan daga bakinki ba sai ranar. Daga baya matata ta gaya min cewa duk lokacin da kika faɗe ta, kicin kike shiga ki buɗe famfo don kada in ji kukanki.

Sai kuma masu dubiya. Kowa ya zo da kula cike da abinci, kowa yana ganin ramar da na yi yana salati. Kika ja kujera kika zauna a bakin ƙofa. Ki amsa gaisuwa da fara'a, ki karɓi kula, ki yi godiya, ki tura ta ƙarƙashin kujerarki, sannan ki ce bismilla a shiga. Goggonmu ta yi fushi ta ce kina horar da yaro da yunwa, kika ce, "Goggo, ki bar ni da alhakinsa." Abokina direba ya taɓa ɓoyo soyayyen nama a aljihun riga, ya wuce ki yana ta zuba surutu. Kika ce, "Direba, dawo. Ni za a ɓoye wa nama? Aljihun hagu." Har yau in ya tuna sai ya yi dariya, ko a makabarta ma sai da ya tuna, ya yi dariyar da ta koma kuka.

Abincin nan kuma ba ki bar shi ya lalace ba. Kin riƙa ɗaukar sa zuwa asibitin da ya wulaƙanta mu, ɗakin da na kwanta, ki raba wa marasa lafiyar da ba su da mai jinya, bayan kin tambayi abin da aka yarda kowa ya ci. In kika ga ƙarin ruwan wani ya ƙare, ki je ki tsaya a kan nas har sai ta tashi. Ba ki taɓa zagin kowa ba, tsayuwa kawai kike yi da jakarki a hammata. Na warke, masu dubiya suka daina zuwa, amma ke ba ki daina zuwa ɗakin nan ba, daga tukunyarki kike ɗiba. An ce daga baya har gyara ƙararrawar suka yi don su huta da ke.

Ranar da na koma aiki kin ce sai kin raka ni. Kika tsaya a gindin matakala, ni kuma na hau, na wuce allon sanarwa ko kallon sa ban yi ba, har sama. Na leƙo ina jiran yabo. Kika ce, "To, ban ce ka yi gudu ba." Amma na ga kin sa gefen mayafi a ido. Yau sugana ya daidaita, na ajiye yawancin magunguna, kuma ni nake kai 'yata makaranta a ƙafa, wani lokaci a kafaɗa. Likitoci sun yi yanka, amma ke kika yi jinya, kuma na san wadda ta fi cancantar godiyata.

Washegarin rasuwarki gidanki ya cika da masu gaisuwa, ya kuma cika da abinci. Ina zaune a ɗakinki, hankalina ba ya tare da ni, wata 'yar'uwa ta dire min faranti a cike ta ce in ci, baƙin ciki ba ya hana ci. Gaskiya zan faɗa, hannuna ya riga ya tafi. Tsohon halina ya dawo, na ji ina so in ci har in daina jin komai, kuma babu mai kujera a bakin ƙofa. Sai 'yarki ta shigo, ta ɗauke farantin ba tare da ta nemi izinin kowa ba, ta ajiye min ƙaramin faranti da ɗan kofin nan, wanda ban san kin adana shi ba.

Ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri, saƙon Mama ne. Ana gobe za ta rasu ta ce min, 'In na tafi za su cika gidan nan da abinci, kuma Auta in ransa ya ɓaci ci yake yi. Ki tsaya a kansa. Kada ki bari kowa ya ƙara masa.'"

Na ci abin da aka ba ni, Yaya, na kuma tsaya inda kika koya min tsayawa. Ki kwanta da kwanciyar hankali, aikinki ba zai rushe a hannuna ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki da mijinta da jikokinki, ga Goggo, ga matata da ta rasa uwa ta biyu, ga ma'aikatan masaƙa, da majinyatan ɗakin nan da za su yi ta duban ƙofa. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya sa mu iya riƙe abin da kika bari.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya yalwata shi, ya sada ki da iyayenmu a gidan Aljanna. Ya Ubangiji, ga baiwarka nan ta zo gare ka. Ta ƙare rayuwarta tana cewa a ƙara wa bayinka. Idan ka auna mata rahamarka, ka ƙara mata.