Lefen da Malam Nu'uman Ya Ƙi Sa wa Hannu

Malam Nu'uman na Ƙofar Guga ya shekara talatin da ɗaya yana awon kayan jirgin sama. Zamanin da ya koyi aikin, da fensir ake lissafi, kuma ba a yi wa sikeli gardama. Da ya yi ritaya, wani attajiri a GRA ya ɗauke shi ya kula da lodin ƙaramin jirginsa mai kujera bakwai.

Irin wannan jirgi akwai gudu, amma ba ya son nauyi. In rana ta ƙwalle, iska takan yi sakayau, ƙarfin inji ya ragu, sai ya yi doguwar tafiya a ƙasa kafin ya ɗaga.

Wata Asabar cikin Afrilu, ƙarfe biyu na rana, ma'aunin zafi na kan arba'in da uku, Hajiya Safara'u, yayar mai jirgin, ta iso da mata biyar da akwati takwas. Lefen ɗan mai jirgin za su kai Yola. Nu'uman ya auna, ya sake aunawa.

"Hajiya, akwati uku su bi mota. Ko ku jira sanyin safiya."

"Mi? Lefen ɗanmu ya isa gutsi-gutsi, dangin amarya su ce ciko muke nema? An yi girki ana jiranmu."

"To mutum biyu su sauka."

"Wace gwaggon za ka sauke? Kai Malam, tsufa ya sa maka tsoro!"

Matan suka tuntsire da dariya, wata ta rangaɗa guɗa.

Mahmud, matuƙin jirgin, ya dubi takardar awo, ya dubi wayarsa. Mai jirgin ne ke kira. Mahmud ya ce wa Nu'uman, "Baba, a daure a sa hannu." Nu'uman ya mayar da bironsa aljihu. Mahmud ya sa da kansa.

Jirgin ya kusa cinye titin duka. Da ƙyar ya ɗaga, ya bi ta kan itatuwan bedi har rassansu suka kaɗa. Sun sauka Yola lafiya.

Ran Litinin aka aiko wa Nu'uman cewa an gode, ya huta. Direban gidan ke lodi yanzu, kuma ba ya awo, tunda kowa ya ga jirgin ya ɗauka.

Jiya na iske shi zaune a zaure. Bayan mun gaisa ya ce ƙanen ango ma ya samo mata a Yola. Akwati goma sha biyu ne nasa. Mako mai zuwa za a kai, kuma har yanzu ruwa bai sauka ba.