Kaset a Kwanon Amarya

Yayana malamin harsuna ne a jami'a, amma a unguwarmu ta Fezzan "mai rikoda" kowa ke ce masa. Duk tsohon da ya samu sai ya dasa masa rikoda a gaba, ya ce, "Baba, yi mini hira da harshenku." Da a nan ya tsaya ai da mun huta. Ina! Sai ya riƙa caccakar gwamnatin soja a jarida, ba ya ko tauna magana.

Wata safiya abokinsa ya faɗo gidanmu a kan babur yana haki, ya ce jami'an tsaro na tafe bincike, kuma duk kaset ɗin da suka gani kwashewa za su yi. Yaya bai damu da kansa ba, kaset-kaset ɗinsa kawai yake kallo. Ɗaya ya fi tsaya masa a rai: muryar mahaifiyar maƙwabciyarmu, wata malamar firamare 'yar kudancin Borno da muke kira Mama. Tsohuwar ta riga ta rasu, kuma ita ce ta ƙarshe da ta iya waƙoƙin niƙa na ƙauyensu. Mama ba ta taɓa iya sauraron kaset ɗin ba. Kullum aka ce za a sa mata sai ta ce, "Ba yanzu ba."

Allah ya taimake mu, ana jeren amarya a gidan da ke jikin katangarmu. Na ce, "Yaya, matsa can, wannan aikin mata ne." Na leƙa na aro kwanukan amarya, muka cika su da kaset, muka rufe, ni da ƙawayena muka ɗora a ka muka fito muna guɗa. A bakin lungu muka yi kiciɓis da motar jami'an. Har wani daga cikinsu ya ce, "Allah ya sanya alheri!" Na ce amin, dariya na neman shaƙe ni, ga ilimin Yaya kaf a kaina. Muka shige gidan bikin muka sauke.

Abin da ba mu tuna ba shi ne rawar kan 'yan matan amarya. Ina juya baya suka buɗe kwano, suka ɗauka kiɗa ne, suka cusa ɗaya a babbar rediyo. Sai ga tarin tsohuwa, sai gurjin dutsen niƙa, sai muryar mahaifiyar Mama. Ga jami'ai muna jin su ta bayan katanga suna jan akwatuna a gidanmu!

Na daka tsalle zan kashe, sai na ji an damƙe mini hannu. Mama ce, tana zaune daɓas a ƙasa, farantin jere a cinyarta.

"Mama, suna ji fa! Ƙwacewa za su yi!"

"Bar ta, 'yata," ta ce. "Ƙara mata murya."

Na ƙara. Mama ta kama amshi, matan Kanuri da na Hausa suka ɗauka da tafi, ba wadda ta san me ake faɗa. Jami'ai suka zaci shagalin biki ne. Suka tattara kaset ɗina na waƙoƙin Indiya suka tafi da su, kuma har gobe ina jin haushi.

Can rediyo ta yi ƙas, tsakar gida ta yi tsit. Mama na dariya, hawaye na bin haɓarta. Ta miƙo mini rediyon da hannu biyu.

"Juya ɗaya gefen," ta ce. "Inna ba ta gama ba."