Yadda Badaru Ya Faɗa Maƙera

Badaru ɗan Malam Ayuba mai shagon yadi ne, haifaffen unguwar Fadikpe, kuma tun yana firamare ba a taɓa ganin ya kwana biyu da buri ɗaya ba. Ya ga jirgin ƙasa ya ce direba zai zama, ya ga mai allura ya ce likita. Har ya kai shekarar ƙarshe a kwaleji halin nan bai sake shi ba. Ran Litinin ma'aikacin banki ne, kafin Juma'a ya koma kiwon kifi, shi da ko a miya sai an cire masa ƙaya.

Abin ya ishi mahaifinsa.

"Kafin ka gama jarrabawa ka faɗa mini abin da za ka yi," in ji Malam Ayuba. "In ba haka ba, ga shago, ga almakashi."

Badaru kuwa ba abin da ya tsana a duniya kamar zaman shagon nan. Hankalinsa ya tashi ƙwarai.

Sai ya kai kukansa wurin maƙwabcinsu Baba Irimiya, wani dattijon coci da harshensa bai taɓa sanin harafin ƙ ba. A bakinsa ƙofa kofa ce, ƙafa kafa. Baba ya saurare shi yana ɓare gyaɗa, sannan ya ce, "Yarona, kai kana da kira. Na gani tun kana karami. Ka bi kira kawai."

Badaru ya saba gyara maganar Baba a ransa, don haka nan take ya gyara wannan ma. Ƙira! Ashe duk shekarun nan maƙeri ne yake yawo da jakar littattafai bai sani ba?

Ran Asabar ya hau motar Beji, ya sami wani maƙeri mai suna Sheshi a rumfarsa bayan kasuwa. Sheshi ya dubi farar rigarsa da tafin hannunsa mai laushi kamar burodi, ya ce, "Ɗan makaranta, ɓatan hanya ka yi?"

"A'a Baba, manya ne suka hango mini ƙira."

Aka ba shi zugazugi. Ranar ya babbake gira ɗaya, ya daki babban yatsansa da guduma, rigar kuwa ko tsumma ba ta ƙara yi ba. Amma da Asabar ta zagayo sai ga shi, wadda ta biyo ma haka. A aji ana lacca, shi yana tunanin yadda jan ƙarfe yake lanƙwasa.

Da ya ƙera fartanyarsa ta farko, karkatacciya, sai ya kai wa Baba Irimiya tukuici. Baba ya juya ta ya sake juyawa.

"Wannan fa?"

"Ƙirar da kuka ce in bi, Baba."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kai! Ba kira na karfe ba! Kira na Allah! Abin da Allah ya kira mutum ya yi!"

"To ni mene ne nawa?"

"Ina zan sani? Ni ne na kira ka?"

Badaru ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, amma abin da ya fi ci masa rai shi ne tunanin ba zai koma rumfar Sheshi ba. Ya ɗauki fartanyarsa ya nufi gida, ya tarar da mahaifinsa a ƙofa.

"To, ka tsai da shawara?"

Badaru ya miƙa masa ita. "Baba, kuskure ne ya kai ni wurin. Amma wallahi ba na son in bari."

Malam Ayuba ya dubi fartanyar, ya dubi ɗan nasa mai gira ɗaya da rabi, sannan ya ce:

"Wannan ko ciyawar tsakar gida ba za ta nome ba."

"Haka Baba Sheshi ma ya ce."

"To ka koma ran Asabar ka yi wadda za ta nome."