Zanen Inna Tumba Da Na Yanka Ban Ɗaga Wa Rana Ba

Ban taɓa mantawa da ranar da Malama Hajara ta shigo shagona a kasuwar Gummi da ƙullin tsofaffin zannuwa ba, domin ranar na karɓi aikin da ya fi kowanne kunyata ni a shekara ashirin da na yi a kan keken ɗinki. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka shigo ɗinki bayanmu, don kada ku ɗauka daɗewa a sana'a tana hana mutum ɓarna.

Bayan ƙaramar sallah ne, aiki ya lafa. Hajara malamar firamare ce. Asalinsu mutanen Zugu ne, rashin zaman lafiya ya taso su, ita da mahaifiyarta Inna Tumba. Ta kwance ƙullin ta fito da zannuwa uku da wani ɗan hoto mai baƙi da fari wanda gefensa ya cinye. Wata budurwa ce a ciki, zaune a kan kujera, hannuwa a kan gwiwa, sanye da buba mai faɗin hannu da ɗaurin ɗankwali mai tsini.

Ta ce, "Inna ce wagga, tun tana budurwa. Irin rigar ga nika so ka ɗinka mini, in sa a ɗauke mu hoto tare. Yanar ido ta fara rufe mata gani. So nike ta gani tun tana iya gani."

Zannuwa biyu a wajen dillaliya ta saye su, na hannu ne, masu irin adon da aka daina bugawa. Na ukun shuɗi ne mai ɗigon fari. Shi ne na Inna, da shi ta ƙulle kayanta ranar da suka baro Zugu, kuma shi kaɗai ya rage mata cikin kayan aurenta. Da shi Hajara take so a yi rigar.

Ga wanda bai san aikinmu ba, tsohon zane yana da ƙa'ida. Kafin a sa masa almakashi sai an wanke, an shanya, sannan a ɗaga shi a rana a duba. Inda haske ya ratsa da yawa, nan zaren ya gaji, sai a zagaye wurin da alli a kauce masa. Na san wannan tun ina koyo. Ban yi ba. Gaskiyar magana, raina aikin na yi. A raina na ce ni da nake ɗinka shadda da leshi, an kawo mini tsummokara. Hoton ma sau ɗaya na kalla na jefa a aljihun keke. Na ga rigar ta yi ƙauyanci, sai na yanke shawarar gyara ta ba tare da an sa ni ba. Na shimfiɗa zanen na yanki tsakiyarsa, na matse ƙugu, na rage hannu, na sa zif a baya. Dogayen gefunan da suka rage na tura su buhun ƙyallaye.

Kwana biyu da karɓar ɗinkin sai ga Hajara ta dawo, riƙe da hannun Inna. Ta ajiye rigar a kan tebur. Bayan rigar ya tsage daga kafaɗa har ƙasa, wai hannu kawai ta ɗaga.

A nan na ƙara laifi na biyu. Na ce, "Malama, ai kin san kayan gwanjo. Zanen ya riga ya mutu."

Inna ta miƙa hannu ta lalubi rigar. Ta bi ɗinkin da yatsa har ta kai ga zif.

"Wa yas sa ƙarfe ga bayan riga?"

"Ni ne, Inna. Haka ake yayi yanzu."

"Yayi anka ce ka yi? To ji nan, ɗana. Zanen ga bai mutu ba. Tsakiyarshi ce ta gaji, don nan na goya ɗiya shida. Gefenshi ko jaki ka ɗaure da shi ba ya tsinkewa. Mu can in zane ya gaji, raba shi mukan yi biyu, mu maida gefe tsakiya. Ina gefen?"

Na kasa ɗaga kai. Buhun ƙyallayen, kamar yadda muka saba, na riga na ba wata mata mai yin matasan kai tun ranar Juma'a.

Na ce, "Inna, ƙarya na yi. Ba laifin zane ba ne, nawa ne. Ban ɗaga shi a rana ba, kuma ban bi hoton ba. Ki ba ni kwana huɗu."

Ta ce, "Ni ba kwana nika ƙirgawa ba, idona ke ƙirgawa."

Suna fita na rufe shago na tafi gidan mai matasan. Ta riga ta cusa ƙyallayen cikin matasai biyar, ba ta san wanne ke da shuɗin ba. Na saye su duka, na ɗaura a bayan mashin. A ƙofar shago na baza tabarma na shiga farke su ɗaya bayan ɗaya. Sani mai hoto, maƙwabcina a layin, ya leƙo yana dariya.

"Malam Garba, ɗinkin ne ya ƙi, ka koma sana'ar barci?"

Na ce, "Yi dariyarka, amma ka share kyamararka. Akwai aiki."

A matashi na huɗu na same su, dogayen yanki biyu da guntaye bakwai, duk sun cukuikuye. Na wanke, na goge, na ɗaga kowanne a rana. Yadda Inna ta faɗa haka yake, haske ba ya ratsa su.

Sai na jingina hoton a gaban keke, na kalle shi yadda ya kamata in yi tun farko. Gefunan ba za su isa riga ba, don haka na aika aka tambayi Hajara, ta yarda in yi jikin rigar da ɗaya daga zannuwan dillaliya. Na haɗa dogayen yankin na fitar da hannuwa masu faɗi, guntayen na zagaye wuya da su. Rigar da ta tsage kuwa na warware ta da reza, zare bayan zare, yini guda cur. Tsakiyar nan da ta gaji na mayar da ita shafi daga ciki, inda ba za ta ɗauki nauyi ba. Ko yanki ɗaya na zanen Inna bai koma buhu ba.

Ranar Alhamis da hantsi muka haɗu a shagon Sani. Ya cire labulensa mai hoton benaye, ya rataya farin ƙyalle, ya kawo kujera ta katako. Inna da kanta ta ɗaura wa Hajara ɗankwali, da lalube, har tsininsa ya miƙe. Sani ya ce su yi murmushi.

Inna ta ce, "Mu ba mu washe baki ga hoto. Hajara, aje hannu bisa gwiwa."

Ya ɗauka, ya wanke shi baƙi da fari, babba. Inna ta fita bakin ƙofa inda rana take, ta kawo hoton dab da idonta. Ta daɗe.

Can ta ce, "Fuskokin ba su fito mini sosai ba. Amma ga ɗigon zanena nan, na gan shi. Hannun ma ya yi." Sai ta juyo wajen da ta ji motsina. "Tela, yanzu ka yi ɗinki."

Kafin damina ta ƙare idon ya rufe. Hajara ta gaya mini Inna takan ce a miƙo mata rigar, ta shafa hannun.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba ƙyalle kawai suke kawo wa tela ba, kuma ba kowa ne zai tsaya ya yi maka bayani ba. Tun daga ranar, duk tsohon zanen da ya shigo shagona sai na tambayi na wane ne, sannan in fita da shi waje in ɗaga wa rana. Da kwana huɗun nan sun zama wata huɗu, da Inna ba ta ga komai ba, kuma ni ne sanadi. Matasan nan biyar na sake cusa su, har yau suna shagon. A kansu nake zama in zan yi yanka.