Tukunyar Gahawar Saje

Ranar da Baba ya dawo daga aikin soja, dawowar da babu komawa, ina aji uku na firamare. Lokacin kaka ne, an yanke dawa an jibge ta a gindin rumbu ba a kai ga zubawa ba. Na taso daga makaranta na tarar da tsakar gidanmu cike da mutane, ga Baba zaune a kan akwatinsa na ƙarfe, ya rame, yana amsa sannu da zuwa da kai kawai. Da la'asar, bayan jama'a sun ragu, ya buɗe akwatin ya fito da wani abu a naɗe cikin tsohon bargon soja. Mu yara muka matso, muna zaton tsarabar ci ce. Sai ga gilasai biyu, ɗaya kamar ƙaramin tulu mai baƙin mariƙi, ɗayan mai buɗaɗɗen baki da dogon bututu a gindinsa kamar mazurari. Kaka Ladi, tsohuwar da katangarta ke jikin tamu, ta ce fitila ce. Inna ta ce a'a, ta taɓa ganin irinsu a asibiti. Baba bai ce wa kowa ya yi daidai ba.

Ya kunna risho, ya zuba ruwa a gilashin mai kama da tulu, ya soka bututun na sama a bakinsa har wani baƙin zoben roba da ke wuyan ya kama gam. Ya zuba wani gari mai duhu a sama, ya koma ya zauna. Can sai muka ga ruwa ya fara hawa ta cikin bututun, a hankali, kamar ana kiransa, har ya bar tulun ya cika na sama, garin yana juyawa a ciki. Kaka Ladi ta miƙe ta kwashi takalmanta a hannu. "Ni dai tun da aka haife ni ruwa gangarawa yake yi," in ji ta. "Saje, me ka kawo mana cikin unguwa?" A nan Baba ya yi dariyarsa ta farko tun shigowarsa. Ya sauke tukunyar daga wuta ya ajiye a ƙasa, jim kaɗan baƙin ruwan ya zuƙe ya koma tulun da wani gurnani irin na saniya mai shan ruwa, ya bar tukar a sama, busasshiya. Ƙamshin ya cika gidan har akurkin kaji. Gahawa ke nan, kuma a ranar na fara jin sunanta.

Daga baya muka ji cewa wani baturen soja ne ya bar masa ita a ƙasar Kwango, lokacin da aka tura su can, kuma tun daga nan take bin sa bariki bariki. A unguwa ba a kira ta da wani suna sai tukunyar Saje. 'Ya'yan gahawar kuwa Kawu Audu ke kawowa. Shi mutumin Bena ne, kofur ne a ƙarƙashin Baba a da, ya rasa yatsu biyu na hannun dama a yaƙi, da ya bar soja ya kama fataucin goro zuwa kurmi. A can yake samo 'ya'yan ɗanyu, ya ƙunso su a ganye tare da goronsa. Mu Kirista ne, kuma a wurinmu baƙo na kirki ƙwaryar burkutu ake tarbarsa da ita. Kawu Audu Musulmi ne, ba ya ko son warinta. Don haka duk ranar kasuwa, kafin ya baza kaya, sai ya jingine kekensa a bakin zaurenmu, su shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mangwaro, su sa tukunyar a tsakaninsu. Ban taɓa jin sun yi zancen yaƙi ba. Kallon ruwan suke yi yana hawa, suna yi wa juna tsiya.

Mu ma a gida mun gane amfaninta. Baba ya dawo da wani shiru wanda ba da shi ya tafi ba. In kwano ya suɓuce ya faɗi sai ya zabura, ya daɗe bai dawo daidai ba. Amma da safe, in yana haɗa tukunyarsa, sai ya natsu, kuma a lokacin ne yake tambayata abin da aka koya mana, ya gyara min yadda nake riƙe fensir, ya yi wa Inna ba'a a kan kununta. Inna ke soya 'ya'yan a kasko, ni kuma in daka a wani ƙaramin turmi da aka ware, domin akwai ranar da na daka a turmin barkono, Kawu Audu ya sha yana hawaye yana ce min Allah ya saka. Ni ke wanke ƙyallen matatar da ke tare gari a gilashin sama in shanya a kan danga. Abu ɗaya Baba ke maimaita min kullum, in ya ga hannuna ya nufi tukunyar bayan an sauke: "Kada ki taɓa, Laraba. Bar ta ta huce." Daga nan sai ya saɓa fartanya ya hau dutse, inda gonarmu take hawa hawa da katangun duwatsu masu tare ƙasa, ni kuma in ruga makaranta, in an tashi in kai tallan gyaɗa, in dawo mu yi carafke da ƙawayena a gindin rumbu har Inna ta kira ni surfe.

A gidanmu man kaɗe shi ne maganin komai. Da farkon damina mukan fita tsintar kaɗanya da sassafe, Inna ta dafa ta shanya, ta soya ta niƙa, ta cika tukwane. Faso a ƙafa, man kaɗe. Tari ya kama yaro, a shafa masa a ƙirji. Igiyar fata ta bushe, takalmin Baba ya yi tauri, ƙotar gatari ta fara tsagewa, duk abu ɗaya ake yi musu. To a bazarar shekarar da ta biyo, lokacin da zafi ya kai in ka taka dutse sai ka yi tsalle, ina wanke tukunyar sai na lura zoben robar ya bushe, ya yi tsage-tsage kamar diddigen Kaka Ladi. Tausayinsa ya kama ni. Na lakato man kaɗe na shafe shi sosai, na mayar. Na gaya wa Inna, ta ce, "Kin kyauta, abin da ya bushe ai mai yake so." Da na ji an yaba sai na ƙara himma, safe da yamma, har ya riƙa sheƙi. Ba mu san cewa roba da mai ba sa shiri ba. Wa zai gaya mana?

Ba a daɗe ba zoben ya kumbura ya saki, ya koma kamar ƙaron da ya sha rana. Wata safiya Baba ya haɗa tukunyar, ruwa ya tafasa, tururi ya riƙa fita ta gefen wuya yana fito, amma ko ɗigo bai hau ba. Gilashin sama ma zamewa yake yi. Baba ya kashe risho, ya dangwali robar, ya kai yatsa hanci. Ya tambaya wa ya shafa mata mai. Ni kuwa da fara'ata na ce ni ce. Ya dube ni, ya dubi Inna. Ya bari ta huce, ya naɗe ta a bargonta ya mayar cikin akwati ya rufe. Da dukana ya yi da na fi samun sauƙi.

Irin wannan zobe babu shi a Zuru, babu wanda ma ya san inda za a tambaya, Kawu Audu kuma ya tafi kurmi. Baba ya fara tashi da safe ya rasa abin da zai yi da hannunsa. Ya zauna, ya miƙe, ya zagaya rumbu. Wata rana ya fita bai ɗauki fartanya ba, ya dawo da rana tsaka yana warin burkutu. Washegari ma haka. Akwai wani gida bayan kasuwa inda tsofaffin sojoji ke wuni, kuma duk mun san waɗanda suka shiga suka bar gonakinsu ga ciyawa. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, mutane na gyara katangun gonakinsu, tamu tana nan a zube. Inna ba ta yi masa magana a gabanmu ba, sai dai dakanta ya ƙara ƙarfi. Ni kuma na daina carafke, domin ko na jefa dutse hankalina ba ya kansa. Na san daga ina abin ya faro.

Ranar kasuwar da na ji Kawu Audu ya dawo, ban tsaya gida ba, daga makaranta na wuce layin 'yan goro. Yana ganina ya ce, "Ɗiyar Saje, mi ya same ki? Na biya da sahe na iske zaure ba kowa." Na gaya masa komai, har da man kaɗen, ina kuka. Ya yayyafa wa goronsa ruwa ya rufe, ya bar wa maƙwabcinsa amana, ya tura kekensa ina biye. Bai shiga gidan burkutun ba. A bakin ƙofa ya tsaya, ya ƙame kamar a fareti, ya ɗaga murya yadda har masu nama sai da suka waiwayo: "Saje Bawa! Kofur Audu na jira a waje, kuma rana na dukan shi!" Baba ya fito yana kare ido da hannu. Bai kai ga buguwa ba, amma kunya ta kama shi da ya gan ni. Haka muka taho gida su biyu a gaba, ni a baya.

A ƙarƙashin mangwaro Kawu Audu ya sa aka fito da tukunyar. Ya kwance doguwar robar da yake ɗaure kaya da ita a bayan keke, irin wadda ake yanka daga tsohon tub na taya, ya ce in wanke ta da toka da sabulu. Baba ya jingina da bango ya ce ba za ta yi ba, a bar wahalar banza. Kawu Audu bai kula shi ba. Ya kama naɗa robar a wuyan gilashin da yatsunsa uku, a karkace, nan tudu can rami, tana suɓucewa yana sake kamowa. Sau biyu bututun na gogar gefen tabarma. Ina kallon Baba, na ga yatsun ƙafarsa na motsi. Da gilashin ya yi kamar zai kuɓuce, sai ya yi wuf ya taso. "Kofur, ajiye! Za ka fasa min kaya. Kai da ko igiyar takalmi sai an ɗaure maka, yau kai ne makaniki?" Kawu Audu ya miƙa masa yana cewa, "To ranka ya daɗe, mu ga taka gwanintar."

Baba ya wanke fuska da hannu, ya ce in kawo reza da zare. Ya kankare tsohon zoben tas, ya goge wuyan da toka har ya daina santsi, ya tsaga robar ta yi siriri, ya riƙa naɗawa yana ja, layi a kan layi, ya ɗaure. Gwajin farko tururi ya fita ta gefe. Ya warware ya sake, wannan karon harshensa a waje kamar ɗan makaranta. Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu ta tsaya. Kaka Ladi ta leƙo ta kan katanga. Ruwan ya yi ɗan motsi a gindin bututu, ya tsaya kamar mai shawara, sannan ya hau. Kaka Ladi da ta taɓa gudunsa ita ta fara rangaɗa guɗa.

Gahawar ranar ba ta da daɗi, gaskiya, warin robar keke take yi. Kawu Audu ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce wannan in mutum ya shanye sai ya ji yana son ya tuƙa keke har Bena. Baba ya yi dariya har da tari, ya juyo gare ni ya ce, "Laraba, daga yau man kaɗe na ƙafar Kaka Ladi ne, kin ji?" Iyakar faɗan da ya yi min ke nan. Washegari ya haɗa tukunyarsa, ya sha, ya saɓa fartanya ya hau dutse, muka gyara katangun kafin ruwan shuka. Ba zan ce bai ƙara shan burkutu ba, yakan sha a biki kamar kowa. Amma gidan bayan kasuwa bai ƙara ganinsa da safe ba. Sai da na girma na tuna cewa da waɗannan yatsu ukun Kawu Audu ke ɗaure huhun goro a keke, ya kai shi Bena ko gezau bai yi ba. Ashe da gangan ya riƙa barin robar tana suɓucewa.

Yanzu duk sun tafi, tukunyar ma ta fashe a hannun wani jika tun da daɗewa. Abin da ke ci min rai shi ne ban taɓa zama na shanye kofi ɗaya tare da Baba ba. Kullum sai in ce ɗaci, in tashi, ina ganin akwai gobe, har aure ya kai ni Dabai. Bara jikana da ke aiki a Abuja ya aiko min da sabuwa, har da zoben roba na canji a cikin kwali, na riƙe shi a tafin hannu ina ta dariya ni kaɗai. A kan gas nake ɗora ta. Yaran gidan sun fi son ta leda, wadda ake zubawa a ruwan zafi a juya da cokali a wuce, amma in na kunna wuta sai in ga sun bar wayoyinsu sun zagaye ni suna jiran ruwa ya hau. Ni ma jiran nake yi, in zuba, in zauna a tabarma in sha a hankali. Ashe ɗacin ba shi da yawa.